Yadda Ake Sauya Ƙwayayen Fitilun Mota Zuwa LED Ba Tare da An Kashe wa Na Gaba Ido Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega bayan sallar isha'i ya san abin da ya canza a 'yan shekarun nan. A da, motar da ke tahowa takan zo da haske mai ɗan ja-ja wanda ido ke iya jurewa, yanzu kuwa sai wani farin haske ya cika maka gilashi tun daga nesa, ka yi wa mai shi alama ya rage, shi kuma ya ɗaga maka ful don ka san cewa dama a dim yake. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙu da idonka ya rufe ne mai babur marar fitilar baya, ko amalanken shanu, ko mutumin da ke bin gefen kwalta a ƙasa, yake shiga haɗari. Yawancin masu irin wannan haske ba su yi nufin cutar da kowa ba. Ƙwan LED suka saya, aka cusa shi a gurbin tsohon ƙwai cikin minti goma, ba wanda ya tsaya ya duba inda hasken yake sauka.

Ni kaina LED ne a motata, kuma ina ganin amfaninsa. Tsohon ƙwai, na halojin ko wanda ya girme shi, haskensa yana fitowa ne daga wani siririn zare na ƙarfe da wuta ke gasawa har ya yi fari, shi ya sa mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa. Ƙwan H4, wani nau'in ƙwan halojin na fitilar gaba, yana shan wat 60 a ful da wat 55 a dim, alhali LED mai kyau da zai maye gurbinsa yakan tsaya tsakanin wat 20 da 30, wanda hakan sauƙi ne ga batir da altaneta, musamman a tsohuwar mota. Zaren nan kuma girgiza ce ajalinsa, hanyoyinmu kuwa ba su rasa ramuka. A fitilar birki akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba: tsohon ƙwai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya kama sosai, LED kuwa nan take yake kamawa, kuma motar da ke bayanka, idan tana gudun kilomita 100 a awa, tana cin fiye da mita 5 a wannan ɗan lokaci.

Mataki na farko shi ne ka san irin ƙwan da motarka take ɗauka, kuma hanyar da ba ta kuskure ita ce ka cire tsohon ka karanta abin da aka rubuta a gindinsa. Kada ka dogara da sunan mota kaɗai, domin motocin Kwatano daga ƙasashe daban-daban suke fitowa, kuma mota iri ɗaya takan zo da fitila daban gwargwadon kasuwar da aka ƙera ta dominta. Corolla 'yar Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2008, alal misali, 9006 take ɗauka a dim da 9005 a ful, amma tsofaffin Hilux da Hiace da yawa H4 ne, wato ƙwai ɗaya mai zare biyu da ƙafa uku wanda ya haɗa dim da ful. Motocin Turai da dama H7 ne a dim, mai ƙafa biyu, akwai kuma H1 da H11. Ƙananan ƙwayaye ma haka: T10 na fakin da lamba, 1156 na sigina da ribas, 1157 mai zare biyu na birki da fitilar baya, sai 7440 da 7443 waɗanda ake turawa kai tsaye ba a murɗawa. Ƙwan rufin cikin mota, mai kama da fiyus, da tsawo ake sayensa, don haka ka auna shi, ko milimita 31 ne ko 36 ko 41. Ka kuma duba ƙarfin wutar: ƙananan motoci bolt 12 ne, manyan motocin ɗaukar kaya kuwa yawanci 24.

Idan ka buɗe ka ga an rubuta D1S ko D2S ko makamancin haka, ka mayar da murfin ka bar shi. Wannan ƙwan zenon ne, wutar da ke tayar da shi tana haura bolt 20,000, kuma aikinsa na mai wayarin ne wanda ya san shi.

Mataki na biyu shi ne zaɓen ƙwan, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Kwanon fitilar gaba, wato madubin da ke bayan ƙwai, an ƙera shi ne a kan zare ɗaya siriri da ke zaune a wani wuri takamaimai. Daga wannan wurin madubin yake tattara haske ya jefa shi kan kwalta, ya kuma yanke shi daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Idan tushen hasken ya goce ko da milimita biyu ne, ko ya fi zaren kauri, madubin zai watsa shi inda bai kamata ba. Saboda haka, idan ka je shago, ka tafi da tsohon ƙwanka, ka jera shi da sabon gindi da gindi, ka duba ko 'yan ƙwayoyin da ke ba da haske a jikin LED ɗin sun zo daidai tsayin da zaren yake, kuma ko tsawonsu ya yi kusa da na zaren. Ka zaɓi mai fuska biyu, wanda allon da ke tsakaninsu siriri ne ƙwarai. Mai fuska huɗu ko shida, wanda yake kama da masarar da aka ɓare, shi ne ya fi cika ido a shago, shi ne kuma ya fi watsa haske a hanya.

Irinsa na fara saya, a wani shagon kayan mota, saboda babban adadin da aka buga a jikin kwalinsa. Da na kunna shi a ƙofar gida sai unguwa ta haskake, na ji daɗi. Daren da na fara hawa hanyar Argungu da shi ne na gane abin da na ɗauko: ina ganin ganyen bishiyoyi da allunan gefen hanya tar, amma ramin da ke gabana sai na kusa faɗa masa nake ganinsa, kuma kusan kowace mota da muka yi kiciɓis sai ta watsa mini ful. Bai yi mako guda a motar ba na cire shi.

Adadin da ake bugawa a kwali kada ya ruɗe ka. Ƙwan H7 na halojin yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 1,500, kuma da wannan aka tsara fitilar ta haska hanya yadda ya kamata, don haka ƙwan da ya yi alkawarin dubu ashirin ko hamsin a farashin da bai kai na rabin tankin mai ba, rubutu ne kawai. Araha ba ta ado. Ƙasashen da suka tsananta a kan wannan batu sun nuna inda matsalar take: a Jamus, lokacin da aka fara amincewa da ƙwan LED na H7 na kamfanin Osram a 2020, an amince da shi ne ga jerin wasu motoci da aka gwada fitilunsu ɗaya bayan ɗaya, a Ingila kuwa tun 2021 mota takan faɗi gwajin lafiyarta na shekara idan an sa LED a kwanon da aka yi don halojin. Dacewar ƙwai da kwano ita ce abin da suke dubawa. Fitilar da ke da ƙwallon gilashi a gaban ƙwai, wadda ake kira furojekta, ta fi haƙuri da LED saboda tana da ƙarfen da ke yanke hasken a ciki, amma ita ma sai an gwada.

Launi ma abin tunani ne a nan yankin. A ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, halojin yana wajen 3,200, yawancin LED na kasuwa kuwa 6,000 zuwa 6,500 ne, fari mai ɗan shuɗi. A daren da sama take garau yana da kyan gani, amma idan hazon hunturu ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, ko ka shiga ƙurar da tirela ta tayar, farin hasken nan yakan dawo maka a ido kamar bango, ya gajiyar da kai. Shawarata ita ce ka nemi mai 4,300 zuwa 5,000 a fitilar gaba idan ka samu, fitilun hazo na ƙasa kuma ka bar su rawaya. Wanda ya wuce 6,500 ya koma shuɗi sosai, ado ne, ba ya taimakon gani.

Sai batun zafi. Mutane suna ɗauka LED ba ya zafi saboda gabansa ba ya ƙona hannu, alhali zafinsa a gindi yake taruwa, kuma zafin nan shi ke rage masa haske ya kashe shi. Shi ya sa ake yi masa ƙaramar fanka ko haƙarƙarin alminiyom a baya. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, mai fanka ya fi riƙe haskensa, sai dai ƙura tana cinye fankar idan an bar ta a fili. Kafin ka biya kuɗi, ka leƙa bayan fitilar motarka ka ga ko akwai wurin da gindin zai shiga murfi ya rufu.

Mataki na uku ana yin sa ne tun tsohon ƙwai yana ciki, kuma shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa. Da farko ka wanke fuskar fitilar, idan ta dushe ta koma rawaya kamar yadda rana ke yi wa na roba, a goge ta ta washe, domin dusasshiyar fuska tana watsa kowane irin haske, kuma sau da yawa ita ce dalilin da ya sa mutum yake ganin fitilarsa ba ta haske. Bayan magariba ka nemi bango a wurin da ƙasa take a shimfiɗe, ka tsayar da motar tana fuskantarsa a nisan mita 10, iskar tayoyi daidai, but ba kaya, wani kuma ya zauna a kujerar direba. Idan akwai ɗan maɓallin ɗaga fitila da sauke ta a kusa da sitiyari, ka mayar da shi kan 0. Ka kunna dim, za ka ga layin da haske ya yanke a jikin bango, sama duhu ƙasa haske. Ka bi layin da alli ko gawayi, ka yi alama a inda ya karye ya hau sama a kowace fitila, ka ɗauki hotonsa da waya, sannan ka shata inda tayoyin suke a ƙasa don ka iya dawo da motar daidai wurin.

Mataki na huɗu shi ne sauyin kansa. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka kashe fitilu, ka ba tsohon ƙwai minti goma ya huce. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, domin ka samu abin kwatantawa. Idan H4 ne, ka zare soket mai ƙafa uku, ka cire robar da ta rufe bayan fitilar, ka danna wayar ƙarfen da ta maƙale ƙwan ka kautar da ita, ƙwan zai fito. Kada ka kama gilashinsa da yatsu, domin maiƙon hannu yana sa halojin ya ƙone da wuri, kuma za ka so ka ajiye shi. LED na H4 yana zuwa da zobe mai kunne uku da ake murɗewa a cire. Zoben kaɗai za ka fara sawa, kunnuwansa su zauna a gurabensu ba tilas, ka mayar da wayar ƙarfen, ka mayar da robar, sannan ka zura jikin ƙwan ta cikin robar ka murɗa har ya kama. Na 9005 da 9006 da H11 sun fi sauƙi, murɗawa ake yi hagu kaɗan su fito, sabon ya shiga a murɗa dama, sai dai ka tabbata siririyar robar da ke wuyansa tana nan, don ita ke hana ruwa da ƙura shiga. H7 a wasu motocin Jamus yana buƙatar mariƙi na musamman, wanda ake saye daban.

Kafin ka rufe, ka leƙa ta gaban fitilar. Fuskokin LED ɗin biyu dole ɗaya ta kalli hagu ɗaya ta kalli dama, allon yana tsaye, kamar hannun agogo a ƙarfe 3 da ƙarfe 9. A H4 kuma 'yar garkuwar da ke jikin ƙwayoyin dim ta kasance a ƙasansu. Idan ya karkace, yawancinsu suna da ɗan sukurun da ake sassautawa a juya jikin. Ɗan akwatin da ke jikin wayar kuwa ka ɗaure shi a wurin da ba zai yi lilo ba, nesa da fankar lagireto da bel. Kada ka yarda a yanke wayar mota don a haɗa ƙwai, soket ɗinsa ya kamata ya shiga na mota kai tsaye. Kada kuma a yar da murfin baya don gindin ya ƙi shiga. Ana sayar da murfin roba mai zurfi, kuma fitilar da aka bari a buɗe, hunturu ɗaya ya isa ya shafe madubinta da ƙura, damina kuma ta cika ta da raɓa.

Mataki na biyar, ka koma bangon. Da sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗayan, ka rufe kowanne da kwali bi da bi ka kwatanta. Layin LED ɗin ya kamata ya fito a yanke kamar na tsohon, ya hau sama ta hannun dama, domin tun 1972 hannun dama muke bi a Nijeriya, kuma an yi hakan ne don a haska gefen hanya a kare idon mai tahowa ta hagu. Wasu fitilun motocin Amurka layinsu bai kai na Turai kaifi ba, shi ya sa hoton da ka ɗauka yake da amfani. Game da tsayi, ka auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ka kai wannan awon jikin bango. A jikin kwanon fitila da yawa an rubuta 1.0% ko 1.2%, ma'ana a nisan mita 10 layin ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da tsayin fitilar. Idan fitilarka tana santimita 70 daga ƙasa, layin ya zauna a 60 ko 58. Akwai sukurori biyu a bayan kwanon, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, ka juya su a hankali kana kallon bango. Idan kuwa layin ya ɓace gaba ɗaya, haske ya zama dunƙule yana fallatsa sama, kuma juya ƙwan bai gyara ba, to wannan ƙwan bai dace da kwanonka ba, kuma babu saitin da zai gyara shi. Ka mayar da halojin ɗinka, ko ka nemi wani samfurin.

Ƙananan ƙwayaye ba su da wahalar sawa, amma suna da nasu halin. LED yana da gaba da baya a wuta, don haka idan ka sa T10 bai kama ba, ka cire ka juya shi ka sake turawa kafin ka ce ya lalace. A bayan jar fuska ka sa jan LED, a sigina ka sa mai ruwan lemo, domin farin LED a bayan jar roba yakan fito a kodaɗe. A 1157 ka lura da ƙusoshin gefensa biyu, ɗaya yana zaune sama da ɗayan, idan aka tilasta shi a juye sai fitilar baya ta riƙa haske kamar an taka birki. Bayan ka sa, ka sa wani ya taka birki kana tsaye a baya da rana tsaka, ka tabbata bambancin fitilar baya da ta birki a fili yake, domin LED marar kyau ya fi tsohon ƙwai dushewa a cikin rana. Idan fiyus ya ƙone da ka sa 7443, tsarin ƙafafun ƙwan ne bai dace da soket ɗinka ba, ka canza ƙwan, kada a naɗa wa fiyus waya.

Sigina ita ce take ba mutane mamaki. Da zarar ka sa LED sai ta fara ƙiftawa da sauri, saboda rilen da ke sarrafa ta ya ga wutar da ake ja ta ragu ya ɗauka ƙwai ya ƙone. A tsofaffin motoci maganin da ya fi tsabta shi ne a cire rilen a sa wanda aka yi don LED, mai yawan ƙafafu iri ɗaya. A motocin da kwamfuta ke sarrafa siginar, sai dai a sa resista, wato 'yar na'urar da ke ƙara jan wuta, mai wat 50 da om 6 tsakanin wayar sigina da ta ƙasa (wato ta nagatif), ko a sayi ƙwan da aka gina masa ita a ciki. Resistar nan tana zafi sosai, a jikin ƙarfe ake ɗaure ta da sukuru, nesa da roba da wayoyi, kuma kafin a taɓa waya a cire kan batir na nagatif, mai alamar (-). Gaskiya, tunda resista tana cinye wutar da LED ya rage, ni na bar siginata da tsofaffin ƙwayayenta, kuma ban ga abin da na rasa ba. Wanda ya sauya ya sani cewa motar ba za ta ƙara sanar da shi idan ƙwai ya mutu ba, sai ya riƙa zagayawa yana dubawa da kansa.

Irin wannan ne yake faruwa a Mercedes da BMW da Volkswagen na baya-bayan nan, inda dashbod ke nuna alamar ƙwai ya ƙone ko fitilar ta riƙa ɓari. Ana magance shi da ɗan akwatin da 'yan kasuwa ke kira kanbos ko dikoda, wanda ake sawa tsakanin soket da ƙwai. Wasu Toyota 'yan Amurka kuma suna kunna ƙwan ful da ragaggiyar wuta da rana, LED a wannan gurbin yakan yi ɓari ko ya haska fiye da kima, don haka barin halojin a ful ɗin ya fi sauƙi. A cikin dashbod akwai ƙwai ɗaya da ba a taɓawa a tsohuwar mota, wato na alamar batir, domin ta cikinsa wutar farko take bi ta tayar da altaneta, kuma LED ba ya barin isasshiya ta wuce, sai mota ta ƙi caji a rasa dalili.

Gwaji na ƙarshe a kan hanya ake yin sa. Ka ba wani amintacce motar ya tsaya da dim a kunne, kai kuma ka taka mita talatin ko arba'in gabanta, ka ɗan durƙusa daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota ta hannun da mai tahowa yake bi, ka kalle ta. Idan sai ka kare fuska da hannu, ka koma ga sukurun saiti. Bayan haka ka fita da ita hanyar Kalgo ko ta Ambursa ka lura da masu tahowa, idan suna yawan watsa maka ful alhali kana dim, ka ƙara sauke ta. Ranar da ka loda buhunan shinkafa ko albasa a but, gaban motar yana ɗagawa, sai ka sauke fitilar da maɓallin nan na kusa da sitiyari. Duk lokacin da aka yi juyen mai, ka sa a kunna fitila ka kasa kunne a bayanta ka ji ko fankar tana juyawa, a hure mata ƙura. Tsofaffin ƙwayayen kuma ka naɗe su a tsumma mai tsabta ka ajiye a aljihun gaban mota tare da fiyus biyu, domin idan LED ya mutu maka da dare tsakanin Koko da Yauri, su za ka mayar ka ƙarasa tafiya.